Mai Sanɗa a Lungun Bayan Ɗaki

Indabo, Alhamis, 3 ga Yuli

Zuwa ga maigidana, Malam Nu'uman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya ruwan Ikko, ya shanun ubangidanka Alhaji? Mu nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Ƙafar Baffa Ɗantani ta yi sauƙi, har ya koma gona. Matarsa Goggo Asabe tana gaishe ka. Inna ma lafiyarta ƙalau. Ba ta ce in gaishe ka ba, ka san hali, amma da ta ji Bilya direba zai yi lodin shanu gobe a kara, kasuwar dabbobi ta Wudil, sai na ji tana ce wa Goggo, "A tambaye shi ko yaron nan yana da abin rufa." Shekararka talatin da ɗaya a duniya, har yau kai "yaron nan" ne a bakin mahaifiyarka. An ce mini kunyar ɗan fari ce. To, mu dai a Kaduna Mama da sunansa take kiran babban yayanmu, har da daka masa tsawa.

Kada ka yi mini dariya don ka ga takarda kamar zamanin kakanni. Tunda wayarka ta faɗa kwata kake aron ta Alhaji, ba zan tura saƙon da wani zai riga ka karantawa ba. Nan kuma ka san sabis ba ya kamawa sai a gindin darbejiyar tsakar gida, daidai ƙofar Inna. Me zan iya faɗa a wurin?

Cikin nan ya shiga wata bakwai. Ƙafafuna sun kumbura, takalmin makaranta ya daina shiga, da silifas nake zuwa lakca. Kaina yana yawan sarawa. Goggo kullum sai ta ce, "Yaushe za ki koma awo?" Na ce mata ta bari in gama jarrabawa, layin asibiti yini guda yake ci. Inna kuwa ko sau ɗaya ba ta nuna ta san ina ɗauke da komai ba. Sai dai kwanan nan miyar da ake kawo mini daga ɗakinta babu gishiri sam, alhali na ɗanɗana ta Baffa na ji zau. Ban ce komai ba, amma na ji zafin abin.

Ga ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Sati biyu ke nan, duk ranar da ba ni da lakca, idan rana ta take, maza suna gona, Goggo ta tafi kai musu abinci, ni kuma na kwanta, sai wani ya yi sanɗa ya shigo lungun nan da ke tsakanin bayan ɗakina da danga. Ba na jin takunsa. Kajin da ke kwance a wurin ne suke matsawa, sai inuwa ta faɗo kan labulen taga, ta tsaya cak. Ba a ƙwanƙwasawa, ba a magana. Da na motsa ko na yi tari, sai inuwar ta janye a hankali. Sau biyu ina tashi in zagaya, amma da nauyin da nake ɗauke da shi kafin in isa babu kowa. Har na fara sabawa da lokacinsa, ranar da bai zo ba sai in tsinci kaina ina kasa kunne.

Malam, ina jin tsoro, kuma ba ni da wanda zan gaya wa a gidan nan. Da na gama jarrabawa zan tafi Kaduna goyon ciki kamar yadda aka shirya. Gaskiya zan faɗa maka: idan ban san mai yi mini wannan ba, da abin da yake nema, ba na jin ƙafata za ta iya dawowa Indabo.

Matarka,
Khaulat

*

Agege, Talata, 8 ga Yuli

Zuwa ga Khaulat,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na gode. Ina lafiya, sai ruwan sama da ya hana mu sakat, kara ta zama taɓo har gwiwa. Ki gaida Baffa da Goggo. Ki ce wa Goggo ta gaya wa Inna ina da bargo. Batun gishiri kuwa ki saya ki ajiye a ɗakinki, ba abin tashin hankali ba ne.

Amma ɗayar maganar ta hana ni cin abinci. Sanɗa kika ce. Ban sani ba ko kun ɗauki kalmar da sauƙi a birni, ni dai ɗan maharbi ne. Babanmu, Allah ya ji ƙansa, tun ina shekara tara yake tafiya da ni dawa, kuma ba ya yarda a haɗa sanɗa da wata tafiya. Wanda ya lallaɓa, gudun ya dami mutane yake yi. Wanda ya raɓe, so yake ya wuce abinsa ba a gan shi ba. Mai sanɗa kuwa akwai abin da ya nufa, idonsa yana kansa. Yatsun ƙafa yake fara saukewa, ya tsaya, ya riƙe numfashi, ya saurara, sannan ya ƙara taku. Kuma ba ya sa takalmi. Haka muke yi wa zabin daji da gada. Ni tunda nake ban taɓa ganin an yi wa abu sanɗa don alheri ba. To ki tabbatar mini, shi kika gani, ko wani ne kawai ya bi ta lungun zai kama kaza?

Idan shi ne, ba baƙo ba ne. Baƙo bai san ranakun da ba ki da lakca ba. Wa ya sani? Wanda yake kai ki makaranta a babur. Anas ɗan Baffa ƙanena ne, ban so bakina ya ambace shi ba, amma lissafin nan ko yaro zai iya yin sa.

Sannan akwai layin da na karanta ya fi sau goma. Kika ce kin saba da lokacinsa, ranar da bai zo ba har kasa kunne kike yi. Khaulat, wannan wace irin magana ce matar aure za ta rubuta wa mijinta? Mai jin tsoro ihu take yi, ba jira ba. Don me kika yi sati biyu ba ki faɗa ba? Don me tagar take buɗe? Kuma tun ba a je ko'ina ba kin fara zancen ƙin dawowa, kamar dama hanya kike nema.

Ban ce kin yi wani abu ba. Tambaya nake yi, kuma ina so a ba ni amsa a motar Bilya ta gaba.

Mijinki,
Nu'uman

*

Indabo, Alhamis, 17 ga Yuli

Malam,

Salamu alaikum. Kowa lafiya. Na yi jarrabawa biyu, saura huɗu. Gero ya fara fitar da kai. Gaisuwar ke nan, don yau ba ni da doguwa.

Sannu da ƙoƙari! Na kawo maka kukana, ka juya ka ɗora mini laifi. Da cikinka wata bakwai a jikina, ƙafa kamar turmi, ni ce zan zauna jiran wani a taga? Wallahi da na karanta sai da na yi kuka har kaina ya ɗauki zafi. Sati guda na yi ban iya riƙe biro ba don haushi. Tagar kuwa zafi ne ya sa nake buɗe ta, ko shi ma sai na nemi izini? Anas kuma ka nemi yafiyarsa a zuciyarka. Bawan Allah ko kallona ba ya yi, "Ina kwana, Yaya" ne kawai tsakaninmu har mu isa ƙofar makaranta.

Amma darasinka na maharba ya yi mini amfani. Ka ce mai sanɗa ba ya sa takalmi. Sai na ɗebi toka a murhu na barbaɗa a lungun da safe. Da rana inuwar ta zo, ta tafi. Na zagaya na duba. Sawu ne ƙarami, na mace, yatsu kawai suka fito sosai, kuma babban yatsan dama a karkace yake. Ka san mai wannan yatsan. Ban yarda da idona ba, sai na sake gwadawa shekaranjiya. Wannan karon ban kwanta ba, na laɓe a bayan ƙofa ina leƙe ta kafar ƙyaure. Sai ga Inna ta fito daga lungun, takalmanta a hannu, tana taka ƙasa kamar mai tsoron ta fashe. Sai da ta kai gindin darbejiya ta saka su, ta ɗauki tsintsiya kamar ba ita ba.

Innarka ce, Malam. Matar da ba ta taɓa shiga ɗakina ba tun ranar da aka kawo ni, in na gaishe ta bango take amsa wa. Yanzu ka ba ni amsa ni ma. Kai ka sa ta ta riƙa yi maka gadina? Don tambayoyinka sun yi kama da na wanda ya daɗe yana zargi. In kuma ba kai ba ne, me take nema a tagata? Ta hana ni gishiri, ta ƙi yi mini magana, sannan tana bina a ɓoye. Kai da bakinka ka ce ba a yi wa abu sanɗa don alheri. Na daina cin abincin ɗakinta, kajin Goggo nake zuba wa. Na ɗaure tagar da waya, kuma yanzu da sakata nake kwanciya ko da rana.

Na gaya wa Mama ta turo a ɗauke ni ranar da na ajiye biron jarrabawar ƙarshe. Zan kwashe har da akwatunana. Idan kana da abin cewa, ka faɗa kafin ranar.

Na cusa takardar nan cikin ƙullin kuka da daddawar da na haɗa maka, don kada wani ya gani. Anas zai miƙa wa Bilya a kasuwa.

Khaulat

*

Agege, Litinin, 4 ga Agusta

Khaulat,

Bayan gaisuwa. Ina fata jikinki da sauƙi. Ni dai ga ni nan, ba na ce lafiya ba, ba na ce ciwo ba.

Yau kusan wata guda da na yi miki tambaya, shiru. Da na kira a wayar Alhaji kika ce mini, "Na ba da amsa," da wata murya kamar ta baƙuwa, kika miƙa wa Baffa wayar. Motar Bilya ta lalace a Makwa, an juye shanun a wata, shi yana can yana gadin mota har a samo kayan inji. Na kira shi na ce ina takardata? Ya ce shi ba a ba shi takarda ba, ƙullin kayan miya kawai Anas ya miƙa masa. Anas kuma! Wato ko dai ba ki rubuta ba, ko kin rubuta kin ba wanda nake zargi, shi kuma ya karanta ya yaga. Ki zaɓi wadda ta fi miki daɗi, ni babu wadda ta yi mini.

Na gaji da tambaya. Alhaji ba zai sake ni ba sai an sayar da shanun da ke ƙasa, amma ba sai na zo ba. Babanmu ya koya mini cewa abin da ke sanɗa ba a binsa da gudu, hanyarsa ake tarewa. Na ba Ƙasimu, direban da zai kawo miki wannan, buhun fasassun kwalabe. Aminina ne, ba zai yi surutu ba. Zai zagaya ta bayan gida ya ɗaga danga, ya jera su a lungun, baki sama, tazarar taku ɗaya-ɗaya, ya rufe da yashi yadda na kwatanta masa. Mai zuwa ba takalmi zai zo. Duk wanda aka wayi gari yana ɗingishi a Indabo, shi ne, kuma ba sai an yi shari'a ba.

Kada ki shiga lungun. Kada ki gaya wa kowa, ko Goggo. Idan kuma na ji wanda nake nufi ya daina zuwa daga ranar da kika karanta wannan, to na san wanda ya gargaɗe shi.

Raina a ɓace yake, Khaulat. Ina son ki, shi ya sa abin yake cina haka.

Nu'uman

*

Asibiti, Wudil, Lahadi, 10 ga Agusta

Malam Nu'uman,

Assalamu alaikum. Ina raye. 'Yarka tana raye, ƙarama ce ƙwarai amma tana kama nono. Baffa ya gaya maka a waya cewa an yi mini aiki an ciro ta, Inna kuma ta taka kwalba. Iyakar abin da ya sani ke nan. Sauran ni zan gaya maka, ka yi haƙuri da rubutun.

Ƙasimu ya yi aikin da ka sa shi ranar Alhamis. Takardarka kuwa ya bar ta a aljihu sai ya gama cin kasuwar Juma'a. Jiya ta iso hannuna a kan gadon nan. Daga ita na gane tawa ba ta same ka ba, tana can Makwa cikin daddawa. Da ta same ka da ka san wa kake ɗana wa tarko.

Ranar Juma'a na tashi kaina kamar ana sara shi da gatari, ina ganin wasu taurari suna gilmawa. Maza duk sun tafi Wudil kasuwa da masallaci, Goggo tana maƙwabta tana taya su daka. Na shiga ɗaki na sa sakata. Abin da na iya tunawa ke nan. Likita ya ce jinina ne ya hau, jijjiga ta kama ni, na faɗo daga gado ina taune harshe. Ya ce da an ƙara rabin awa da ba a same mu ba, ni da ita.

Sauran daga bakin Goggo na ji. Inna ta cire takalmi ta shiga lungun kamar kullum. Takun farko kwalba ta shige ta. Ko ni ce da na kurma ihu na koma da baya. Amma a daidai lokacin ta jiyo ƙafata tana dukan ƙarfen gado. Sai ta ci gaba. Taku takwas ne daga bakin lungun zuwa tagata, Goggo ta ƙirga su daga baya, don kowanne ya bar jini. Ta tarar na ɗaure tagar da waya, ta leƙa ta tsaga ta gan ni a ƙasa. Ta sake biyo kan kwalaben da gudu ta fito tsakar gida tana ihu: "Jama'a ku kawo ɗauki! Matar Nu'uman! Matar Nu'uman za ta mutu!"

Goggo ta ce ba ihun ne ya sa taɓarya ta kuɓuce mata ba, sunan ne. Ta ce, "Shekara talatin muna gida ɗaya da surukarki Hansai ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Da na ji shi na san babu lafiya." Da taɓaryar matan suka ɓalle ƙofata. Anas ɗin da kake zargi shi ya bar kasuwa ya samo mota, kuma jininsa ne leda guda a jikina yanzu.

Daren farko ban san inda nake ba. Jiya da safe Goggo ta zauna ta ba ni labarin da ko kai ba na jin ka sani. Inna tana da ƙanwa, Maryam, uwa ɗaya uba ɗaya. Cikinta na fari, ƙafa ta kumbura, kai yana ciwo, kamar ni. Wata rana da damina kowa yana gona, ta shiga ɗaki ta kwanta. Inna ce ta dawo ta tarar da ita, ta riga ta yi sanyi. Tun ranar da Inna ta ga na koma sa silifas hankalinta ya tashi. Ita ta riƙa turo Goggo da zancen awo. Ita ta cire mini gishiri, wai yana ƙara kumburi. Ni kuma ina zuba wa kaji. Kullum da rana sai ta zo ta tsaya a tagar har ta ji numfashina, sannan ta tafi.

An kwantar da ita a ɗakin da ke kusa da namu. An ciro mata gutsattsari goma sha ɗaya, an ɗinke tafin ƙafa biyu, an ce za ta daɗe ba ta taka ba. Yau na dafa bango na je wurinta da jaririyar. Na ce, "Inna, me ya hana ki shigo ta ƙofa ki tambaye ni?" Ta juya fuska bango, ta ce, "Matar ɗan fari, da cikin fari? Ina zan sa idona?" Can kuma ta ce, "Kuma mai ciki in ta samu barci ba a tashinta." Na ajiye mata yarinyar a gefenta. Ba ta ɗauka ba, ba ta kalle ta ba. Amma da na juya zan zauna, na ga ta miƙa ɗan yatsa a hankali ta ƙarƙashin zani ta taɓa ƙafarta. Nan na fashe da kuka na roƙe ta gafara, ita kuma tana ta cewa, "Me kika yi? Tashi, ɗinkinki."

Kada ka ɗauka ba ta sani ba. Ta gaya wa Baffa tsohuwar kwalba ce ruwa ya tono. Amma ina ji ta ce wa Goggo, "Baki sama, taku ɗaya-ɗaya, an rufe da yashi. Mutum ɗaya na sani mai irin wannan ɗanawa, yana kabari, kuma yaro ɗaya ya koya wa." Sai ta ce, "Kada Baffansa ya ji."

Mama ta iso jiya, ta ce daga asibiti sai Kaduna, can zan yi wanka. Na ce mata a'a. Indabo zan koma, ita ta zauna da mu ta yi mini wankan a can. Matar da ta taka kwalba sau goma sha shida saboda ni ba zan bar ta tana rarrafe zuwa bayan gida ba. Amma ka sani, don ita zan zauna. Ni da kai akwai magana, kuma ba ta takarda ba ce. Ni ma na yi zargi, ban wanke kaina ba. Sai dai ni toka na barbaɗa.

Na hana a share lungun. Goggo ta toshe bakinsa da ƙaya saboda yara. Kwalabenka suna nan suna jiran hannun da ya aiko su. Suna ranar Juma'a ne. Ƙasimu zai taso gobe, ya kasa haɗa ido da ni.

Khaulat

*

Tashar Agege, Laraba, 13 ga Agusta

Khaulat,

Wa alaikumus salam. Ya jiki? Ya yarinyar? Ya ƙafar Inna? Allah ya ba ku lafiya, ya saka wa Anas da Goggo da alheri.

Wannan takardar da hannuna zan kawo ta. Zan miƙa miki kafin in buɗe baki, don ban san ko bakin zai yarda ya yi aiki ba. A kan gwiwata nake rubutu, motar ba ta cika ba tukuna. Na ce wa Alhaji ko ya sake ni ko kada ya sake ni, yau zan tafi.

Bilya ya iso jiya da yamma, Ƙasimu yau da safe. Na kwance ƙullin daddawa na ga takardarki ta yi mai, ta yi wari, amma ana karantawa. Da na kai wurin yatsan dama sai na zauna a taɓo. Na san yatsan. Turmi ne ya faɗo mata a kansa tana goye da ni. Tun da Baffa ya ce kwalba, cikina ya ba ni, amma na yi ta gaya wa kaina ko wata ce daban.

Na cika miki takarda da bayanin sanɗa kamar wani malami, ashe rabi na sani. Yanzu nake tunawa, duk lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni ina yaro, nakan farka in ga kofin kunu a gefena da ɗumi, ban taɓa ganin wanda ya ajiye ba. Ni a zatona Goggo ce.

Ki yafe mini abin da na rubuta miki. Ba ni da hujja ko ɗaya, kishi ne da nisa da wauta. Anas zan same shi da kaina, kuma Baffa zai ji daga bakina, ko Inna ta hana. Kwalaben kuwa da hannu zan tsince su, ɗaya bayan ɗaya, kafin in sha ruwan gidan. Idan kin amince, sunan Maryam nake so a raɗa wa yarinyar.

Ban san yadda zan shiga wurin Inna ba. Na san bango za ta kalla ta ce, "An zo lafiya?" shi ke nan, kuma wannan ya fi mini duka ciwo.

Abu ɗaya nake roƙo. Ke ba ki ji ba, kina kwance. Amma ki tambayar mini Goggo in kun keɓe, don ni ba zan iya ba. Da gaske Inna ta faɗi sunana? Sau biyu? Ki ce ta kwatanta mini yadda ta faɗe shi. Ban taɓa ji ba.

Mijinki,
Nu'uman